Wasiyyar Hester Tregear a Kan Rabin Taswirar Zinariya

Ni Hester Tregear, matar marigayi Arlo, nake rubuta wannan da hannuna a gidan jinyar tsofaffi na Placerville, zuwa ga 'ya'yana uku: Denzil, Tamsin da Jory. Hankalina garau yake. Ƙafafu sun ƙi, zuciya kuma likita ya ce ta gaji, amma kai lafiya lau. Na fara da wannan ne don na san in kun karanta abin da ke ƙasa, ɗayanku zai ce maganin da ake ba Mama ya yi mata yawa. Bai yi ba. Murna ce kawai, irin wadda rabona da ita tun ina da haƙorana duka.

Silvio Cuneo yana gidan nan! Shekaranjiya aka kawo shi, ɗakinsa na can ƙarshen baranda.

Ku kun san abin da wannan ke nufi, amma lauya zai karanta takardar nan, jikoki ma wata rana, don haka bari in faɗa a taƙaice. A zamanin rububin zinariya, yawancin taswirorin da ake sayar wa mutane a New York aka zana su, da hannun waɗanda ko ƙurar California ba su taɓa shaƙa ba. Su ja kogi ya haura tudu, su rubuta ZINARIYA da manyan baƙaƙe duk inda takarda ta yi fili. Obed Farnsley shi kam da ƙafarsa ya bi kogunan nan, yana jan alfadari, ya zana kowane sansanin masu haƙa inda yake. Aka buga tasa a San Francisco, takarda biyu, rabin arewa da rabin kudu, don mai saye ya manna su wuri ɗaya. Gobara ta cinye gidan ɗab'in tun ba a buga da yawa ba. Waɗanda aka sayar kuwa suka shiga aljihun masu haƙa, gumi ya ci, ruwa ya ci, ragowar aka kunna lofe da ita. Iyakar sanin mutanen sana'armu ta cinikin tsofaffin taswirori, rabin arewa guda ne ya tsira, rabin kudu ma guda. Na arewa nawa ne. Na kudu na Silvio ne.

Nawa a bayan wani tsohon madubi na same shi, wanda na saya a gwanjon kayan gida a Grass Valley don kawai katakonsa ya burge ni. Ubanku ya ɓalle bayansa zai gyara, sai ga takarda an shimfiɗa don kada gilashi ya riƙa motsi. Na ga kogin Yuba, na ga sunan Farnsley a kusurwa, na ƙwalla ihun da ya sa Arlo ya yar da guduma yana cewa, "Maciji ne? Ina yake?" Silvio kuwa gadon nasa ya yi, daga kantin kakansa a Jackson.

To, a wajen mutanen taswira akwai doka, ba a rubuta ta ba amma kowa ya san ta: wanda ya ɗauki takardarsa ya kai ƙofar wani, ko ya kai ta kasuwar taswira, ya amsa cewa shi ne mai sayarwa. Ni ba mai sayarwa ba ce. Shi ma wai haka. Fiye da shekara arba'in muna haɗuwa a kasuwa hannu rabbana, ya ce, "Gwaggon dankali, yaushe za ki kawo mini saman taswirata?" In ce, "Ranar da ka kawo mini gindin tawa, ɗan taliya." Kowa da abincin gidansu ake tsokanarsa. Ko hoto bai taɓa yarda a ɗauki nasa ba, ni ma ban yarda ba. Kogin Cosumnes yana gangarowa a takardata, ya kai baki, ya yanke. Ban taɓa ganin inda Farnsley ya kai shi ba. Kuma kada wani ya ce na yi kuskure, ban yi ba. Shi ya kamata ya kawo.

Jiya a ɗakin cin abinci ina yi wa nas ƙorafin miya, sai na ji murya a bayana: "Wannan mai zagin miya, ba Hester ba ce?" Na waiga, ga shi a keken guragu, ya rame, yana duban gefen kaina maimakon fuskata. Idon ya kusa tafiya, ya ce kamar ta cikin hayaƙi yake gani, kuma kullum hayaƙin ƙaruwa yake.

Na ce, "An gaji da kai a Jackson ke nan?"

Ya ce, "Ke ma ai na ga Grass Valley ta huta." Sannan ya ce, "Hester, gidan nan naki ne?"

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Ya ce, "Ba nawa ba ne ni ma. Kuma ba kasuwa ba ne."

Kai! Cokali ya faɗi daga hannuna. Muka yi ta dariya har nas ta zo tana duba mu ko wani abu ya maƙale mana a wuya. 'Yarsa Oriana za ta kawo rabin kudu ranar Asabar bayan abincin rana, a kan dogon teburin da ke gefen da rana ba ta bugawa. Saura namu. Don haka ga umarnina.

Na ɗaya. Denzil, makullin akwatin banki da takardata ke ciki yana hannunka tun da na faɗi na karya ƙugu. Na san ka yi wa mutumin gidan gwanjon nan mai ƙyallin takalmi alkawari zai karɓi rabin arewa ranar Litinin. Ba ka faɗa mini ba, amma Tamsin ba ta iya ɓoye magana, fuskarta ke tona ta. Ban yi fushi ba, ɗana. Na san ba kwaɗayi ba ne, kuɗin jinyar nan ne ke hana ka barci, kuma kai kaɗai kake ɗaukar nauyin ba ka cewa komai, kamar ubanka. Amma ka buga wa mutumin waya ka ce Mama ta ce a'a. In ya ce an riga an sanar da masu saye, ka ce su yi haƙuri, mai ita ba ta mutu ba tukuna. Ka ɗauko ta ranar Juma'a kafin banki ya rufe. A shimfiɗe, tsakanin kwali biyu masu kauri, kada a naɗe. A kujerar baya, ba a but ba. Karen nan naka ya zauna gida.

Na biyu. In an haɗa su mun gani, ba za a sake raba su ba. Ni da Silvio mun gama magana, lauyansa zai rubuta nasa ɓangaren. Tamsin, ke za ki manna su a kan ƙyalle yadda Farnsley ya nufa, da kokon alkama wanda kika dama da kanki, ba gam na kanti ba. Daga nan taswirar ta gidaje biyu ce, Tregear da Cuneo, kuma za a ajiye ta a ɗakin karatu na gunduma, bayan gilashi, nesa da taga, inda duk mai so zai tsaya ya nemo rafin da ke bayan gidansu. Ba sayarwa. Denzil, ina jin ka daga nan kana cewa, "Mama, haɗaɗɗiya ai ta ninka daraja." Ƙwarai kuwa, shi ya sa na hana. Wanda zai iya sayenta zai kulle ta a ɗaki mai duhu ya jira farashi ya hau. Na yi mata haka da kaina shekara da shekaru, na san yadda ake yi. Ta zauna a duhu ya isa.

Na uku, sauran takarduna. Kuɗin jinya da na binnewa a fitar da su daga taswirorin Klondike da na Australiya, duka durowar ƙasa. Suna da masu so, kuma ban taɓa ƙaunarsu ba, na saye su ne don kada Silvio ya saya. Denzil, ka ɗauki ta New York ɗin nan mai kogi yana hawa tudu. Bugun farko ce, kafin su gane shirmensu su gyara, kuma a sana'armu shirmen da aka gyara daga baya shi ne tsada. Ka riƙe ta ko ka sayar, ba ruwana, taka ce halak malak. Jory, taka ita ce 'yar ƙaramar aljihun nan mai tabon taba, wadda wani mai haƙa ya bi da fensir yana sa alama duk inda ya gwada sa'a, alamun suna ta raguwa har suka tsaya a wani rafi. Masu saye suna raina ta wai ta yi datti. Kai kaɗai ne ka taɓa tambayata ko mutumin ya samu. Ban sani ba, ɗana, amma ina so ya zama ya samu. Tamsin, shago naki ne da duk kayan gyara, da madubina na ƙara girman rubutu mai mariƙin ƙashi. Shawara ɗaya: kada ki sayi taswira don farashinta. In kin buɗe ta ba ki ji gabanki ya faɗi ba, ki bar wa wani. Gidan Grass Valley ku raba daidai, ku ukun.

Na huɗu. Tamsin da Jory, maganar leda ta ƙare yau. Ga wanda bai sani ba: Jory ya ɗauki wata taswirar Nevada City daga shago ya kai aka liƙe ta cikin leda da injin zafi, wai kyautar ranar haihuwata, don kada ta lalace. Ya zo yana murmushi ya ce, "Mama, yanzu ko shayi ya zube babu komai." Tamsin ta ce, "Ka kashe ta, sakarai, ka kashe ta!" Gaskiya ne ya kashe ta, ba mai sayenta har abada. Amma tun daga ranar a kanta nake shan shayi kowace safiya, ga ta nan ma a kan teburin gadona, kuma ita kaɗai ce a cikin duk taswirorina na san kowane lungunta. Ke kuwa, Tamsin, rabon da ki ci abinci a gidan ƙanenki har yaransa sun fara gemu. Haba! Manna takarda biyu masu wannan girma yana son hannu huɗu. Hannun Jory za ki ara, ba na wani ba. Jory, kai kuma ka yi abin da ta ce, ka rufe bakinka.

Na biyar. Ba mai bina kuɗi. Amma babban farantin gashin da ke ƙasan murhu na Philippa Oates ne, maƙwabciya. A mayar mata, kuma kada a mayar da shi wayam. A cika shi da pasti, gurasar nan tamu mai nama da dankali a ciki, irin yadda kakarku ke yi. A binne ni kusa da Arlo, a yi waƙoƙin coci masu ƙarfi, ba masu sa barci ba.

Na shida, wannan shi ne mai nauyi. Ina sa ran Asabar, har na sa nas ta wanke mini shuɗiyar rigata. Amma na ji yadda likita ya yi magana ƙasa-ƙasa da ita a bakin ƙofa, ni kuma ba yarinya ba ce. In Allah ya kira ni kafin lokacin, kada ku ɗaga ranar ko da awa ɗaya. Kada ku ce sai an gama makoki. Ni zan iya jira a inda aka ajiye ni, idon Silvio ba zai jira ba. Ku fara haɗa taswira, sannan ku binne ni.

Kuma in an shimfiɗa su ya kasa gani, Tamsin, ki kama yatsansa ki ɗora a kan takardar. E, a kan fuskarta, da yatsa tsirara. Na san na hana ku wannan tun kuna rarrafe, yau na ɗage. Ki fara daga Yuba, ki bi da shi a hankali kina kiran sunan kowane sansani da ƙarfi, don kunnen ma ba shi da kyau. In kin kai Cosumnes ki tsallaka da shi bakin takarda zuwa nasa rabin, daga nan ki yi shiru, shi zai karanta miki sauran da ka. Ki saurara da kyau, ki duba da kyau a madadina. In ya yi kuka, ku kau da kai. In ya gama, ku ce masa Hester ta ce rabinta ya fi kyau.

'Ya'yana, na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda kuka ɓoye. Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da mijinki da 'ya'yanku. Allah ya ba ku lafiya da abin rufin asiri, ya raba ku da ƙeta da riƙo. Ku riƙa cin abinci a tebur ɗaya ko da ba biki ba mutuwa. Wanda ya ji haushin ɗan'uwansa ya je ya faɗa masa a ƙofar gidansa, kada ya zauna yana jira a zo masa.

Ranar Asabar ku shigo ɗakin cin abincin nan tare, ku ukun, Denzil a gaba da kwalin a hannu. In kun tarar da ni a bakin tebur cikin shuɗiyar riga, to, ku matsa mini in gani. In kujerata wayam take, ku bar ta a nan kusa da tasa, ku buɗe kwalin.

Mahaifiyarku,
Hester Tregear