Fararen Na'urori a Ɗakin Gashi

Fatulunu, 9 ga Yuni

Maman Delsi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da littattafanki. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya sauko daga dutse. Delsi ta ce in faɗa miki haƙorinta na gaba ya fita.

Kayan sun iso! Na ɗauko su a So'e ranar kasuwa, na'urori uku farare tas kamar sabulun wanka. Sau huɗu na karanta takardarki don kada in yi miki ɓarna: a rataye a ɗakin gashin jego, kamu biyu daga kan mai jego, kwana uku kowane gida, sannan in zare ɗan katin ciki in kai wa mai kwamfuta a So'e ya tura miki. Kin ga ɗan acaɓanki da ya tsaya a aji shida ya shiga digiri na biyu a goye.

Na fara da gidan Yakoba, matarsa ta sauka ranar Lahadi, namiji. Kin san ɗakin, sai an durƙusa a shiga, ba taga, masara rataye a sama ta yi baƙi, garwashi na ci a ƙarƙashin gado. Kafin in gama ɗaure igiya idona ya fara ruwa. Gwaggo Sarlota, wadda ke lura da wutar masu jego tun ba a haife mu ba, tana bakin ƙofa tana taunar pinang, goron nan namu. Ta ce, "Melki, rediyo ce wannan?" Na ce, "Hanci ne, Gwaggo, yana shaƙar abin da jariri ke shaƙa." Ta ce, "Au, matarka Yumina ta haye teku ne don a koya mata hayaƙi na sa tari? Da ta tambaye ni na rage mata hanya." Amma fa da hannu biyu ta karɓa, ta shafa, ta ce kaya mai kyau.

Bari in hau tudun coci in ɗauki hoton takardar nan, can kaɗai waya ke kamawa. Ki ci abinci.

Mijinki,
Melki

Surabaya, 17 ga Yuni

Baban Delsi,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo da bakinta. Ka sumbatar min mai giɓi.

Jiya na tsaya gaban aji na bayyana aikina. Mu goma sha tara ne, ungozomomi da ma'aikatan jinya, wasu daga manyan asibitoci. Da na ce a wajenmu mai jego da jaririnta kwana arba'in suke yi a kan garwashi, duk suka juyo suna kallona. Malama Wuryani, mai duba aikina, ta ce shekaru ana cewa hayaƙin na cutar da jarirai, amma ba wanda ya kawo mata lamba daga ƙauyukanmu. Ni ce zan kawo, Melki! Da lamba a hannu, ofishin lafiya dole su saurare ni.

Gida goma sha biyu nake bukata kafin ƙarshen Satumba. Ranar ce wa'adin da jami'a ta ba ni ke cika, in ban miƙa kundi ba zan dawo hannu wofi, kuma ba a ƙarawa. Ka riƙe min amana.

Taka,
Yumina

Surabaya, 15 ga Yuli

Baban Delsi,

Gaisuwa. Hankalina ba a kwance yake ba.

Katunan gida shida sun iso. Lambobin na cewa iskar ɗakin gashi ta fi ta ɗakin karatun jami'a tsabta. Gida shida, duk haka! Malama Wuryani ta cire tabarau ta dube ni ta ce, ko na'urorin sun lalace ko wani ya rataye su a bishiya. Ta ce in aka ci gaba haka ba za ta sa hannu ba. Na fita na yi kuka a bayan ɗakin gwaji kamar yarinya.

Ka faɗa min gaskiya ba zan yi fushi ba. Kana danna maɓallin har koren haske ya kama? Ko ka ba yara sun rataye maka don kana saurin ɗaukar fasinja?

Yumina

Fatulunu, 23 ga Yuli

Maman Delsi,

Gaisuwa da fatan kin share hawaye. Maganar fasinja na ji, na kuma yafe. Ki zauna sosai, don labari na kawo.

Maɓalli ina dannawa, haske na kamawa. Don haka na shimfiɗa na'urorin uku a tebur na zuba musu ido. Sai na lura: igiyar da nake rataye su ta yi baƙi ƙirin, hulata da nake shiga da ita na minti biyar tana warin ƙauri, amma su na'urorin, bayan wata guda da rabi, farare kamar ranar da suka zo. Na kai ɗaya hanci. Ƙamshin akwatin tufafi take.

Ban ce wa kowa komai ba. Na rataye ɗaya a gidan Simeon ranar Talata. Laraba na ajiye babur a gindin tudu, na hau da ƙafa. Kin manta babur ɗina tun daga rafi ake jin kukansa? Na durƙusa na leƙa, igiya na lilo, ba komai a jikinta. Surukar Simeon ta gan ni ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Melki, ina babur ɗin?" Ta kai ni babban ɗaki ta buɗe akwati. Ga na'urarki a naɗe cikin sabon zanen saƙa, tare da kayan zuwa coci, koren haskenta na ƙiftawa.

Ashe umarnin Gwaggo Sarlota ne, duk gidajen haka suka yi. Ina juya baya su sauke, in sun ji babur su mayar. Na same ta na tambaya. Ta ce, "Kai ba ka da kunya ne? A ba mu aron farin kaya daga Jawa, can inda take karatu, mu mayar da shi baƙi kamar gindin tukunya? A ce mutanen Yumina ƙazamai ne, a gaban malamanta?"

Kin ji. Na'urori lafiyarsu ƙalau, girma ne ya yi musu yawa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Naki,
Melki

Surabaya, 24 ga Yuli

Baban Delsi,

Ka yafe min. Na karanta a tsaye, na yi dariya, na yi kuka, 'yar ɗakinmu ta ɗauka na zautu. Wata guda da rabi na auna iskar akwati!

Amma saura wata biyu, kuma daga farko za mu soma. Ka je yau ka ce mata ni na ce kada wanda ya ƙara taɓawa. Ka ce dokar jami'a ce. Ka ce ma ta gwamnati ce.

Yumina

Fatulunu, 3 ga Agusta

Maman Delsi,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ban bi maganarki ba, ki bari in gama kafin ki ɗaga murya.

Da na ce mata doka ce, za ta ce to, ta kuma sa a riƙa jiran ƙarar takalmina maimakon ta babur. Don haka na jira Lahadi. Na cika oko mama, kwandon nan na neman alfarma, da pinang da ganyen taunawa da farar ƙasa, na sa rigar biki, na je na ajiye gabanta, mata sun cika tsakar gida. Ta ce, "Aurena ka zo nema? Ka makara da shekara hamsin." Na ce roƙo na zo yi a madadin 'yarta. Ta naɗe hannu, ba ta taɓa kwandon ba, kin kuwa san in ba ta sa hannu ba magana ba ta karɓu ba.

Sai na fito da na'urorin. Na manne ɗan ramin shaƙar iska da yatsa, na lakato baƙin tukunyarta, na shafe su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Mata suka saki ihu. Matar Yakoba ta ce, "Yumina za ta kashe ka!" Na ce, "To, yanzu ni na ɓata su. In an yi maganar ƙazanta a Jawa, sunan Melki za a kira. Wanda ya wanke kuma ya ɓata min aiki."

Gwaggo ta ce, "In hancin nan ya ce wutata ba ta da kyau fa?" Na ce ban san abin da zai ce ba. Ta ce, "Ni na gasa uwarta lokacin da aka haife ta. Duk abin da ya faɗa, daga bakin Yumina zan ji, a nan, a zaune. Ba a takardar ofis ba. Kuma ta zo da amsar abin da zai ɗumama mai jego a sanyin nan." Na ce na ɗaukar miki alkawari. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki pinang.

Yanzu ita da kanta ke zagayawa tana duba igiya. Gidan Simeon an sake, da wasu biyu, katunan sun tafi jiya. Na ƙirga masu ciki da za su sauka kafin Satumba har ƙauyukan bayan rafi, sun kai goma sha ɗaya. Za mu cika, Maman Delsi, za mu cika!

Mijinki mai baƙin hannu,
Melki

Surabaya, 26 ga Satumba

Baban Delsi,

Ta sa hannu! Gida goma sha biyu cif, an karɓi kundin, ran takwas ga wata mai zuwa zan tsaya gaban malamai. Malama Wuryani ta sa na rubuta labarin akwatin a ciki, da sunanka.

Lambobin sun fi yadda na zata muni, Melki. Ba zan rubuta su nan ba, kuma kada ka tambaye ni a waya. Ran goma sha biyu zan sauka a So'e. Ka zo da babur, daga tasha gidan Gwaggo za mu wuce.

Taka har kullum,
Yumina