Jiragen Zipora

Kafanchan,
14 ga Satumba, 1998.

Zuwa ga matata Martina, Maman Bernice,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da ke da Bernice da maigidanta. Yaya jikin jaririn? Tun da na ji bakwaini ne nake sa shi cikin addu'a safe da yamma. Kada ki yi gaggawar dawowa, ki zauna a Fatakwal har ya yi ƙwari. Mu nan lafiya lau. Ruwa na sauka sosai, cittar da ke bayan gidanmu ta yi kyau, matan zumunta kuma kullum sai sun tambaye ni labarinki bayan sujada.

Saƙonki ya iso ta hannun ƙanenki Silvanus. Ya ce ya samo wa 'yarmu Zipora aikin koyarwa a wata sakandare a Manchok, za ta fara a Janairu, kuma kin ce in tsaya a kanta kada ta yi sakaci. Na yarda da ke. Yarinyar da ta gama jami'a ta yi bautar ƙasa bai kamata ta ƙare a buga wa mutane takardun neman aiki ba.

Har yanzu tana shagon Alhaji Zubair na bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, in ta gama aikin mutane yakan bar mata kwamfutar. Na je in ga abin da ke hana ta dawowa da wuri, sai na tarar wai wasa take ƙerawa. Ta ce a Legas, inda ta yi bautar ƙasa, ta ga abin da ake kira intanet. Mutum na buɗe shafi a kwamfuta sai ɗan wasa ya fito, ya yi ta bugawa kafin ya koma bakin aikinsa, ba ya biyan komai. Na ce to ina ribar abin da ake bayarwa kyauta? Ta ce masu shafin ne ke biya, domin muddin mutum na zaune yana wasa idonsa na kan tallan sabulu da na shayi da suka liƙa a gefe.

Na buɗe baki zan kawo maganar Manchok ke nan sai ta juyo mini da allon. Maman Bernice, tashar Kafanchan ce. Ga layin da ya taho daga Kaduna, ga na Jos, ga wanda ya gangara wajenku. Har ɗakin sigina inda na ƙare ƙuruciyata ta zana, da ɗan benen nan nasa. Ta ce, "Baba, ina so ka koya mini yadda kuke shigar da jirage ba su haɗu ba." Tun da na yi ritaya babu wanda ya tambaye ni wannan. Muka zauna ina yi mata bayani har Alhaji ya zo rufe shago.

Maganar aikin ban yi ba tukuna, amma zan yi. Ki gaishe da kowa.

Naki mijinki,
Rufus.

Kafanchan,
9 ga Nuwamba, 1998.

Maman Bernice,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙoƙari, yaya ɗan jikana? Na ji daɗi da kika ce ya fara kama nono da kansa. Godiya ga Allah. Mun fara haƙar citta, ciwon gwiwata ne dai ke ɗan tashi.

Na yi fushi da 'yarki kwanakin baya, bari ki ji dalili. Duk ƙa'idojin da na sani na ba ta, ta sa su a wasan ɗaya bayan ɗaya: neman izini daga tashar gaba, ɗaga sigina, kulle layi, jiran mai tuta. Da ta gama na zauna na buga, ya yi daidai da aikin gaske, har na ji ƙanshin gawayi a hancina. Sai ta fara kiran mutane su gwada. Ta kira tela maƙwabcinsu, ta kira wata malamar asibiti da ta zo yin fotokwafi, ta kira 'yan acaɓa biyu. Ita tana tsaye a bayansu tana kallon hannunsu da fuskarsu. Kowa sai ya ɗan taɓa ya ce sannu da ƙoƙari, ya tashi. Tela ma ya ce shi wannan ya fi ɗinkin babbar riga wuya.

Bayan mako guda na koma na tarar ta cire kusan duk abin da na koya mata. Babu izini, babu mai tuta. Jirage ne kala uku, ja da kore da rawaya, suna tahowa, kai kuma ka danna mahaɗar layi ka tura kowane zuwa tashar da ke da kalarsa. Na ce mata wannan ba aikin reluwe ba ne, wasan yara ne, da haka muka yi aiki da babu wanda ya rage da rai a garin nan. Na ɗauki hulata na fita. Kwana biyu ina cin tuwonta ba na ce mata uffan.

A rana ta uku ta same ni a gona. Ta tsuguna tana karkaɗe ƙasa daga citta, ta ce, "Baba, wanda na fara yi naka ne, na ajiye maka shi, ban goge ba. Amma kai kaɗai ne za ka buga shi. Mutumin da ya gaji da aiki ba zai zauna ya koyi abin da ka yi shekaru kana koyo ba. In bai gane ba kafin shayinsa ya huce, ya tafi." Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Irin tsayuwarki ce sak.

Washegari na leƙa shagon. Kin san Iya, tsohuwar nan mai sayar da gyaɗa a ƙofar Alhaji, wadda ba ta taɓa riƙe ko biro ba? Ita na tarar a kan kujera, ta dafe ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, maus, tana faɗa da jan jirgi wai ba ya jin magana. Tana dariya har ɗankwalinta ya zame, tiren gyaɗarta na waje kaji na zagayawa. Da jiragen suka ƙara gudu ta rikice, ta ce a sake mata. Na tsaya a ƙofa na daɗe. Ni da na yi wa jirage hidima tsawon rayuwata ban taɓa sa wani ya ji daɗinsu haka ba.

Na gwada nima, Iya ta fi ni maki. Zipora ta ce matsalata ina jiran izinin da babu mai ba ni.

Ki gaida Bernice. Allah ya kiyaye ku.

Naki,
Rufus.

Kafanchan,
25 ga Janairu, 1999.

Maman Bernice,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun yi Kirsimeti lafiya, kuma zazzaɓin da kika ce ya taɓa ki ya sauka. Mu nan an sha biki a Kagoro, amma gidan ba daɗi ba ke.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau biyu, na ga ɓacin ranki. Gaskiya Silvanus ya faɗa miki, an koma makaranta, Zipora ba ta je Manchok ba, an ba wani gurbin. Kin ce na bar yarinya ta juya ni. Ki bari in faɗa miki yadda abin ya kasance, sai ki yi hukunci.

A Disamba ta ɗauki wasan a ɗan faifan kwamfuta, disket, ta tafi Jos, domin nan garin ba mu da intanet. Ta aika wa wani kamfani a Legas mai shafi. Suka ce ya yi nauyi, layin waya ba zai ɗauke shi da sauri ba, mutane za su gaji da jira. Ta dawo ta yi ta rage shi. Dutsen Kagoro da ta ɓata kwanaki tana zanawa ta mai da shi ɗan layi guda. Na ce ba ki ji zafi ba? Ta ce ta ji, amma gara ya buɗe.

Da ta sake aika musu suka gani, suka kira ta a wayar shagon Alhaji, ina wurin. Suna so, amma da sharaɗi biyu. Na farko su saye shi gaba ɗaya, su cire sunanta su sa nasu. A nan Alhaji Zubair ya yi mata amfani ƙwarai. Ya rufe bakin wayar da tafin hannunsa ya ce, "'Yata, ni ban san kwamfuta ba, amma na san haya. Ki ba su haya na shekara, abin ya zauna naki." Ta faɗa musu haka cikin Turancin da ban san tana da shi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne ya tsayar da komai. A wasanta, in ka yi kuskure jirage biyu suka fuskanci juna, tsayawa suke yi hanci da hanci, fasinjoji su sauko da ƙullin kaya da kaji suna yi wa direba masifa. Mutumin Legas ya ce wannan ba ya burgewa, su jiragen su yi karo, wuta ta tashi, taragu su watse, abin da matasa ke so ke nan. Zipora ta ce ba za ta yi ba. Ya ce to a bar maganar. Ta ce a bar ta, ta yi masa godiya, ta ajiye wayar.

A hanyar gida na ce mata zane ne kawai, ba mutane ba ne, ga kuma aikin Manchok ya kusa kuɓucewa. Sai ta tuna mini shekarar nan da aka tafi da mu ɗibar mutane bayan haɗarin jirgi, na dawo da jini a rigata na kasa cin abinci. Ashe tana bayan ƙofa lokacin da kike wanke mini hannu, ita ko firamare ba ta gama ba. Ta ce, "Ba zan zana wannan don wani ya yi dariya ba, Baba."

Maman Bernice, da wane baki zan ce mata ta yi kuskure? Na san yanzu ba ta da Legas, ba ta da Manchok. Ta koma buga takardun mutane, ta rame kaɗan, amma ba ta yi kuka a gabana ba, har ta fara zanen wani sabon wasa na masu loda buhunan citta a mota. In akwai laifi ki ɗora mini rabi.

Ki sha maganinki. Ina gaida jikana.

Mijinki,
Rufus.

Kafanchan,
15 ga Maris, 1999.

Matata Martina,

Gaisuwa cikin alherin Ubangiji, da fatan kowa na lafiya. Na gode da hoton yaron, ya yi kumatu, goshin kuwa namu ne. Amma ban ga kin ambaci Zipora ko sau ɗaya a takardarki ba, ita ma ta lura.

Mutanen Legas sun sake kira. Ashe bayan ta ƙi, sun sa wani ya yi musu irin wanda suke so, mai wuta. Mutane suka buga suka watse. Sai wata ma'aikaciyarsu ta nuna wa abokan aikinta na Zipora da ke ajiye a kwamfutarta, aka wayi gari ofishin kowa na yin kuskure da gangan don ya ga fasinjoji da kajinsu. Sun karɓi haya kamar yadda Alhaji ya ba da shawara, sunanta na nan, kuma suna so ta zo ta yi wata uku tare da su a kan wasan citta.

Ta kai ni Jos na gani da idona. Wani shago ne cike da kwamfutoci, muka jira shafin ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa, sai ga tasharmu, a ƙasanta an rubuta Zipora Rufus, Kafanchan. Mai shagon ya ce ko a Ingila mutum ya buɗe haka zai gani. Na cire tabarau na goge, sai na ce mata rufin ɗakin sigina ya ɗan karkace. Ta yi dariya ta riƙe hannuna.

Ban san inda wannan sana'a za ta kai ta ba. Ita ma ta ce kamfanin na iya rufewa baɗi, ba albashi ba ne, ba fansho. Tsoronki gaskiya ne, nima ina da shi. Amma na ga yadda take aiki, na ga abin da take yarda ta yar, da kuma abin da ba ta yarwa, na sa mata albarka.

Saura taki. Na ce ta wuce Legas kai tsaye, motar ta fi sauƙi, ta ce ba za ta taka garin ba sai ta zo ta durƙusa a gabanki, in kin ce a'a kuma za ta juyo gida. Na san za ta aikata, shi ya sa nake roƙonki. Yarinyar da ta ajiye wa mutumin Legas waya, jiya ta kasa cin abinci don tunanin fuskarki.

Ban kai wannan takarda gidan waya ba. Wadda ta miƙa miki ita tana tsaye a gabanki, ta sha doguwar hanya. Ki ba ta ruwa tukuna, ki bar ta ta ɗauki ɗan yayarta, sa'an nan ki saurare ta har ta gama.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Rufus, Baban Bernice.