Irin Geron Baba

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali, ya zaman birni? Ni a Dakko sai godiya, ban da gwiwoyin nan.

Na binne irin geron Baba a busasshiyar ƙasa, watan bakwai na manoma, yadda muka saba. Aka yi yayyafi guda, ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Maƙwabtan da suka jira sanarwar rediyo yanzu suke shuka, suna yi mini jaje. Ban rage ko ƙwaya ba.

A sa ni a addu'a, a gaida yara. In da sauran damin da na ba ka bara, kada Hajiya ta yi fura da shi. Aiko mini ko zangarniya ɗaya.

Yayanka,
Umaru