Idanun da Ke Mutuwa Talata da Juma'a

Asfi, 4 ga Maris

Zuwa ga jikata Nuzha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya sanyin Rabat? Wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. In kin ga layi ya gangara ki bi shi a haka, shekarata biyu kacal a ajin yamma na yaƙi da jahilci. Kada ki buga mini waya, kunnena ya yi ritaya, kuma ina so in mori karatuna.

Uwarki ta ce an zaɓe ki zuwa birnin Janiba, can ƙasar waje, aikin wata uku. Tun jiya ban zauna ba! Na bi layin maginan tukwane shago-shago. Si Allal mai gasa kifi ya ce mini, "Ba Bushaib, wai me yarinyar nan take yi ne takamaimai?" Na ce, "Idanu take dubawa, na injin da ke ganin abin da ya fi ƙura ƙanƙanta." Ya ce, "To ta fara da naka, jiya jakina ka gaisar." Hassada ce kawai.

Na gina farantin kuskus na mutum goma sha biyu don walimarki. Shekara hamsin ina zana rubutu a bakin faranti kamar mai zanen ganye, ban san me ya ce ba. Wannan kuwa na sani: sunanki a baki, Janiba a tsakiya. Ranar Alhamis zai shiga wuta.

Kakanki mai murna,
Bushaib

Rabat, 12 ga Maris

Ba Sidi,

Kakana, na sumbaci hannunka, ina gaida kowa. Rubutunka ya fi na likitoci kyau. Amma ka dakata da gayyata, hankalina ba a kwance yake ba.

Idanun nan 'yan fale-falen silikon ne, kowanne bai wuce farcenka ba. Nakan ɗora shi a teburin gwaji, in leƙa ta madubin ƙara girma, in sauke allurai biyu da suka fi gashi siranta har su taɓa shi. Sai in rufe akwatin, don ba ya son haske, in riƙa ƙara masa wuta a hankali. Lafiyayye yakan jure ƙarfin wuta har bolt ɗari shida. Mai ciwo tun a ɗari biyu wuta ke fara yoyo.

Cikin tamanin da aka aiko mana, talatin da ɗaya sun yi yoyo. Na rubuta rahoto cewa masana'antar da ta ƙera su ce ta lalata su. Shugabanmu Dakta Lamrani ya aika da shi waje, aka yaba, kuma saboda shi aka zaɓe ni.

Jiya Laraba na ɗauko ɗaya daga matattun don in nuna wa ɗalibai, sai ya jure ɗari shida lafiya lau. Na gwada na biyu, shi ma haka. Ban faɗa wa kowa ba. Ƙarshen wata za a jefar da su duka a kan maganata.

Jikarka,
Nuzha

Asfi, 16 ga Maris

Nuzha 'yata,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau huɗu, na farko don in gane, sauran don damuwa. Farantin ya riga ya fito daga wuta, kuma na riga na gayyaci har liman.

Ban san bolt ba, amma na san abin da ke mutuwa yau ya tashi gobe. In tukwane suka fashe mini a wuta ba na fara zagin mai kawo ƙasa. Nakan tambayi kaina wace rana na loda su. Ranar da hazon teku ya sauko, tukunya takan yi kamar ta bushe, alhali ta sha danshi a ɓoye. Ki ɗauko littafinki ki duba mini, a waɗanne ranaku suka mutu?

Ki ci abinci. Uwarki ta ce muryarki ta koma ta sauro.

Kakanki

Rabat, 21 ga Maris

Ba Sidi,

Ina gaisuwa. Na duba. Talata da Juma'a, duka talatin da ɗayan.

Jiya Juma'a na yi sammako. Na tarar da Lalla Hadda mai sharar ginin ta ɗaure bakin zane, ta kwarara bokiti uku a ɗakin gwaji tana kora ruwan da roba, kamar yadda uwata ke wanke tsakar gida. Ashe Talata da Juma'a ne ranakun wankinta. A sauran ranaku kafin in zo ƙasa ta bushe, amma iskar ɗakin a jiƙe take, idanun nan kuwa danshi ne ajalinsu.

A ƙofar akwai takarda da Larabci da Faransanci: kada a shiga da ruwa. Na ce, "Lalla, ba ki ga takardar nan ba?" Ta ce, "Na gani mana, 'yata, kullum sai na goge ta." Ta ƙara da cewa, "Ɗakinki na fi wankewa, ke kaɗai ke gaishe ni a ginin nan. Kin karya kuwa? Ga burodi da zaitun."

Ba Sidi, akwai nawa laifin. Ma'aunin danshin ɗakin ya mutu tun Janairu, na ce zan sa a gyara, na yi ta gwaji babu shi.

In na yi shiru zan tafi Janiba, a jefar da lafiyayyun idanu, a ɓata wa masu ƙira suna. In na ambaci Lalla Hadda, Dakta zai ce ba ni ba ce, kamfanin shara kuma ya sallame ta kafin azahar. In na ce ni ce, ka san sauran. Kai ka sayar da murhunka na biyu na gasa tukwane don in yi karatu. Me zan yi?

Nuzha

Asfi, 25 ga Maris

'Yata,

Sallama da albarka. Ba zan ɓoye miki ba, takardar farko da na rubuta cewa na yi ki yi shiru. Na tuna bakin Si Allal, na tuna farantin. Na kai ta har ƙofar gidan waya, sai na karanta ta a tsaye. Abin da ke cikin iya karatu ke nan, mutum yakan ga abin da ya faɗa. Na yaga.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa uwarki ba. Lokacin ciwon kakarki, likita ya ba ni takardar yadda za ta sha magani. Kwana uku tana aljihuna, ina ba ta maganin da ka, don ina jin kunyar in ce wa wani ya karanta mini. Ba shi ya kashe ta ba, haka suka ce. Amma shi ya kai ni ajin yamma da furfurata.

Matar nan ba ta iya karatu ba, takarda ta gani ta goge mata ƙura. Iyakar abin da za ta iya yi mata ke nan, ni na sani. Wanda ya manna ta bai tambayi wa zai tsaya a gabanta ba.

Ba ita ta sa hannu a rahoton ba. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, ni ma tun jiya shayi kawai ke wucewa.

Kakanki

Rabat, 30 ga Maris

Ba Sidi,

Na sumbaci kanka. Na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya shigar da ruwa ɗakin?" Na ce, "Dakta, ni ce na yi gwaji babu ma'auni." Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Sannan ya ce in rubuta janyewar rahoton da hannuna.

Na sake gwada su a busasshiyar iska. Ashirin da tara sun tashi. An cire sunana, Sufyan abokin aikina ne zai tafi. Ko za a sabunta mini aiki a Yuli, Dakta bai ce komai ba. Lalla Hadda ba ta san an yi ba, na dai roƙe ta ta bar mini ɗakin.

Ka yafe mini farantin.

Nuzha

Asfi, 3 ga Afrilu

Nuzha,

Gaisuwa mai yawa. Direban bas ɗin safe zai kawo miki ƙunshi. Tayil ne na gasa, na zana bokiti na ja masa jan layi, ba harafi ko ɗaya. Ki manna a ƙofar, daidai tsayin Lalla Hadda.

Walima tana nan ranar Juma'a mai zuwa. Si Allal ya ce, "To ina Janibar?" Na ce jikata ta tayar da matattu ashirin da tara, shi ko kifi ɗaya bai taɓa tayarwa ba.

Abin da wuta ta gasa ba ya gogewa. Amma Janiba a tsakiya take, kuskus zai rufe ta. Sunanki ne a baki.

Ki zo da yunwa.

Kakanki,
Bushaib