Lamba Ɗaya a Bayan Genta

Zuwa ga matata Sachie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Ki yi mata sannu, ki ce ta daina ɓoye magani ƙarƙashin matashi.

Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace. Kin san Genta, ɗan Kuroiwa mai jiragen kamun kifi, wanda na ba lamba ɗaya a ƙungiyarmu ta besbol, ƙwallon nan da ake jefawa a doka da sanda, don shi ne gwanin jifa. Uwarsa ta ɗinke masa ita a bayan riga da hannunta, yadda kowace uwa ke yi. Ranar Asabar na gan shi yana cin shinkafa da hagu. Na kai shi asibiti, likita ya ce gwiwar hannunsa ta samu rauni, in ya ci gaba da jifa hannun ba zai ƙara miƙewa ba. Yaron da ko firamare bai gama ba! Na ce ba zai buga wasan ƙarshe ba.

Sai ga uban ya faɗo mini, ko sunkuyawar girmamawa da ake yi a bakin filin wasa bai yi ba. Wai, "Koci, mu a zamaninmu sai hannu ya yi jini. Rago za ka mayar mini da ɗa?" Na tambaye shi gasa nawa jinin nasa ya ciwo wa garin nan. Ban yi nadama ba.

Tun ranar matan da ke karɓa-karɓar kawo shayi suka daina miƙo mini. Shekara da shekaru ina gasuwa a rana kyauta saboda 'ya'yansu, yau da shayi za a hore ni.

Mijinki,
Tsutomu

Sachie,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na ji daɗi da ta fara cin abinci.

Iyaye sun yi taro sun tsige ni. Ranar Lahadi Kuroiwa ne zai zauna a kujerata, ɗansa kuma zai yi jifa. Duk ɗakin ba wanda ya ɗaga kai, don motarsa ce ke kai yaran wasa. Matsorata kawai!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Genta. Ya tare ni a hanya ya ce, "Koci, ya daina ciwo fa," alhali hannun na maƙale a ƙirjinsa. Sun koya wa yaro ƙarya a kan jikinsa. Na wuce ina huci.

Naki,
Tsutomu

Sachie,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama. Zauna ki karanta wannan.

Na je filin na tsaya bayan shingen waya cikin 'yan kallo. Da alƙalin wasa ya jera yara yana duba lambobinsu, sai ga bayan Genta wayam, sai hujin allura. Kuroiwa ya hau ihu, "Ina lambar? Wa ya taɓa rigar nan?" Matarsa Mitsue, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai a gaisuwa, ta miƙe ta ce, "Ni na ɗinka, ni na warware." Alƙali ya ce dokar gasa ce, marar lamba ba ya shiga.

An lallasa mu, Genta ya sha kuka a benci. Iyayen nan suka bi Mitsue da harara kamar ta yi sata. 'Ya'yansu sun rasa kofi ne kawai, ita hannun ɗanta ta tsare, amma ita ce mai laifi. Ba su nemi in dawo ba, ni kuma ba zan roƙi kowa ba.

Ina shirin tafiya Mitsue ta iso wurina, mijin na kallo. Ta miƙo mini ƙyallen lambar, zare na reto a gefensa, ta ce, "Ajiye masa, Koci, sai hannun ya warke." Sannan ta buɗe filas ta zuba mini shayi. Ya huce, amma na shanye shi tas.

Ki dawo da wuri.

Mijinki mai kewarki,
Tsutomu