Ni Na Ce Ta Sassauta Ɗaurin, Ita Ake Tuhuma

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ka ɓoye sunana da lambata, ka sa saƙon nan yadda na rubuto shi. Ina roƙon kada a yanke mini hukunci kafin a kai ƙarshe, ko da yake na san halinku. Na sha ganin yadda kuke yi a nan, mutum ya kawo kukansa, wanda bai taɓa riƙe ko sirinji ba ya fito yana "Allah ya isa". Wanda zagi ya kawo shi ya ƙara gaba, na riga na zagi kaina fiye da abin da bakinsa zai iya. Shawara nake nema.

Ni nas ne, namiji, shekarata ashirin da uku ina aiki, kuma ni ne shugaban sashen gaggawa a wani ƙaramin asibiti da ke can bayan Kwanar Dangora. Likita ɗaya gare mu, rabin mako kuma yana wajen taro, saboda haka duk wanda mota ta watsar, ko babur ya kayar, ko maciji ya sara a gona, a hannuna yake fara faɗowa. Na ɗinke kai ba adadi, na karɓi haihuwa a bayan a-kori-kura. Ina faɗa ne don ku san ba ɗan koyo ne yake muku magana ba.

A ƙarƙashina akwai wata nas, zan kira ta Binta, ba sunanta ke nan ba. Shekararta uku da kama aiki, kuma tun ranar da ta zo jinina bai haɗu da nata ba. Kullum waya a hannu, tana kallon yadda ake kaza da kaza, da na buɗe baki sai ta ce, "Oga, ai yanzu an canza." Wannan "an canza" ɗin ba ƙaramin ƙona mini rai take yi ba. Wa ya canza? Da izinin wa? Lokacin da nake tsayar da jini ita ko rarrafe ba ta fara ba. Amma ba zan ɓoye gaskiya ba, tana samun jijiyar jaririn da ni sai na yi ta lalube. Wataƙila shi ya sa ma na ƙara tsanarta.

A farkon damina takarda ta zo, ana son mutum ɗaya daga sashenmu ya je Kano bitar kwana uku a kan ceton rai, da sharaɗin in ya dawo ya koya wa sauran. A wurinmu bita layi ce. Ba a duba wanda ya fi bukata, ana duba wanda ya fi daɗewa. Binta ta same ni a ofis, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Oga, don Allah ka sa sunana. Ni ce kullum a ɗakin gaggawa, kuma na ji za a koyar da hannu, ba karatu kawai ba."

Na ce, "Ke da kike da waya, bitar me za ki je? Ki jira layinki."

Na rubuta sunana, na tafi.

Ranar farko surutu ne da hotuna a bango, ga sanyin na'ura, na yi ta gyangyaɗi. Rana ta biyu aka shimfiɗa mutum-mutumin roba a ƙasa, aka ce kowa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Mai koyarwar wani likita ne sa'an ɗana na fari. Ina kallo ya kama hannun wata dattijuwar nas ya ce, "Mama, ba haka ba, sake," har sau uku, a gaban kowa, ana dariya. Na ce a raina wallahi ba da ni ba. Ni zan durƙusa gaban roba, ɗan cikina yana ce mini sake? Da aka fita sallar Azahar sai na ce wa wani abokina ya sa mini hannu a takardar halarta, na hau mota na tafi gidan ƙanina, na ci tuwo na miƙe ƙafa. Darasin da aka yi da yammar nan shi ne na tsayar da jini. Washegari na dawo aka ɗauki hoto da ni, aka ba ni takardar shaida da jaka mai littafi a ciki. Takardar na sa mata gilashi na rataye a ofis, jakar na kulle a kabad ko zif ɗinta ban zuge ba. Duk sanda Binta ta ce, "Oga, yaushe za ka koya mana?" sai in ce sai an samu lokaci.

Aka shiga kaka. Wata Talata bayan La'asar aka kawo wani manomi a kan babur, an sa shi a tsakiya, wansa na riƙe da shi ta baya. Zan kira shi Malam Sale. Injin casar masara ne ya kama masa hannun dama ya yage shi ƙasa da gwiwar hannu, jini na tsartuwa. Ina masallaci lokacin. Kafin in iso Binta ta ɗaure dantsen da bandeji, ta zura sanda ta murɗa har jinin ya tsaya cak, ta rubuta lokaci a filasta ta manna masa a ƙirji, ta sa masa ƙarin ruwa. Mutumin yana magana, har yana tambayar ko an kashe injin. Likita ba ya nan, kuma wannan aikin tiyata ne, dole sai Kano.

Na taɓa yatsun na ji sun yi sanyi, sun fara baƙi. Mu a makaranta abin da aka koya mana shi ne, irin wannan ɗaurin ana sassauta shi duk bayan kwata na awa, jini ya ɗan zagaya, kada hannun ya mutu. Haka na sani, haka na yi ta yi. Na ce, "Ke za ki raka shi a motar asibiti. Duk minti sha biyar ki sassauta, ki sake ɗaurewa."

Ta matso kusa da ni, ta rage murya don kada dangi su ji. "Oga, yanzu ba a sassautawa. In an ɗaure sai an isa ɗakin tiyata. Hannun zai jure tafiyar nan, jinin ne ba shi da sauran da zai zubar."

Ita ta rufa mini asiri ta yi magana a hankali, ni kuwa na ɗaga murya yadda har masu jira a waje sai da suka ji. "Wa ya je bita, ni ko ke? Takardar wa ke rataye a ofis? So kike a yanke wa bawan Allah hannun da yake noma da shi saboda abin da kika gani a waya?"

Wan mutumin ya sa baki, ya ce, "Yarinya, ki bi maganar babba mana."

Ta kalle ni, ta kalli ƙofar ofis inda takardar take. Na ga lokacin da ta fara shakkar kanta. Ai mutumin da ya dawo daga bita wata huɗu da suka wuce ba zai faɗi abin da aka daina ba, ko? Ta ce, "To, Oga," ta shiga mota.

Sau uku ta sassauta. Kowane karo jinin ya ɓalle, kowane karo sai ta sha wuya kafin ya sake tsayawa, mota na tsalle a ramuka. Bayan na ukun ya daina amsa kira. Ba su shiga Kano da shi da rai ba. Da direba ya bugo mini waya na yi salati, na ce kwana ne ya ƙare, kuma wallahi a lokacin haka na ɗauka.

Likitan da ya karɓi gawar a can shi ne ya ƙi barin maganar. Binta, da yake ita komai sai ta rubuta, ta jera lokutan da ta sassauta a bayan takardar tura maras lafiya, da rubutun hannunta, da sa hannunta. Ya gani, ya rubuto wa hukumar asibitinmu cewa wannan sassautawar ce ta zubar da sauran jinin mutumin. Aka ba ta takardar tuhuma, aka dakatar da ita, aka kafa kwamiti. Ta ce ni na umarce ta. Aka kira ni. Umarnina na baki ne, ba a rubuce yake a ko'ina ba. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ni dai na ce ta riƙa lura da hannun."

Shugaban kwamitin ma bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ai mun sani. Mutumin da aka horar a kan wannan takamaimai ba zai faɗi haka ba. Yaran yanzu ne, in sun yi ɓarna sai su nemi wanda za su rataya wa." Kun ji fa. Takardar da na samu ina miƙe da ƙafa a gidan ƙanina, ita ce ta wanke ni. Na fito daga ɗakin, na wuce Binta a zaune a benci, ban iya kallon inda take ba.

Ranar nan na buɗe kabad na zuge jakar. Littafin na cikin ledarsa. Na nemo babin tsayar da jini, ga shi nan da manyan baƙaƙe, abin da ta faɗa mini a kunne: kada a sassauta. Na karanta ya fi sau goma ina neman inda za a ce "sai dai in", babu.

Kuma kada wani ya zo ya ce mini ni kaɗai ne mugu. Waɗanda suka ba ni takardar sun duba ko na iya? Sun ga sa hannu, sun ɗauki hoto, sun tafi. Wa ya ƙirƙiro bita ta layi? Ni na tarar da ita. Abokina da ya sa mini hannu, ni ma na taɓa sa masa. Ita ma Bintar, tunda ta san gaskiya me ya sa ta bi? Me ya hana ta ƙi a cikin mota, inda ba na ganinta? Haka nake ta faɗa wa kaina, kuma na san amsar. Ta bi ne saboda shekara uku na yi ina koya mata cewa in na yi magana ta yi shiru.

Wan mamacin ya zo asibiti bayan sadakar bakwai. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, mun gode. Kai ka yi iya ƙoƙarinka, mun ji da kunnenmu kana yi mata faɗa. Da ta yi yadda ka ce da wataƙila yana nan." Bai fahimci abin da ya ji ba, shi dai ya ga babba na tsawatar wa yarinya. Yanzu a ƙauyensu sunanta ake kira, har an ce kada matansu su yarda ta taɓa su. Na tsaya ina amsa masa da "Allah ya jiƙansa", kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga inda nake yanzu. Ranar Litinin kwamiti zai yi zaman ƙarshe, suna son bayanina a rubuce. In na maimaita abin da na faɗa, Binta ta rasa aikinta, kuma an ce za a tura maganar sama a karɓe lasinta. Ita ce ke riƙe da mahaifiyarta. In na faɗi gaskiya, ba umarnin kaɗai zan amsa ba, dole in faɗi dalilin da ya sa ban sani ba, in tona abokina, in sauko da takardar nan daga bango a gaban waɗanda na yi shekaru ina yi wa tsawa. Saura mini 'yan shekaru in yi ritaya da mutuncina. 'Ya'yana suna alfahari da ni a garin nan.

Don a ƙara mini, hukuma ta ce ranar Alhamis in tara ma'aikata in koya musu tsayar da jini, tunda ni ne gwani, don kada irin kuskuren Binta ya sake faruwa. A ƙasan jakar nan akwai ɗamarar tsayar da jini ta zamani da aka raba mana, baƙa, mai maɗauri da ɗan sandan murɗawa. Na kulle ofis na gwada ta a cinyata, na juya ta gaba da baya, na kasa gane ta inda ake zura bakin. Shekara ashirin da uku! A duk asibitin nan mutum ɗaya ce na san ta iya.

Ban san abin da ya hau kaina ba, jiya na kira ta. Na ɗauka ba za ta ɗaga ba, ko ta zage ni, da hakan ya fi mini sauƙi. Ta ɗaga ta ce, "Oga, ina wuni." Na yi kame-kame, na tambayi jikin mahaifiyarta, sannan na ce akwai wata ɗamara da nake son ta ɗan nuna mini yadda ake sa ta, tsakanina da ita kawai.

Sai ta ce, "Ba ka shiga darasin ba ke nan."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

Ta ce, "Na yi wata guda ina tunanin ko ni ce na karanta ba daidai ba. Ba na iya cin abinci. Zan koya maka, Oga, minti biyu ne. Ka zo da ita ranar Litinin gaban kwamiti, in koya maka a can."

Ta kashe wayar.

Na ji haushinta kamar in fasa wayar, har yanzu ma ina jin haushinta, kuma na san ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Takardar bayanin na gabana, ban rubuta komai ba sai kwanan wata. Ɗamarar na kan tebur kusa da ita. Jama'a, ku ajiye zagin zuwa Talata, yau ku faɗa mini: me zan yi?