Wuri a Gefen Kaka

Litinin, 8 ga Oktoba

Na iso Aljiyas, garin su Baba. Gwaggo Wardiya, yayar Baba, ta rungume ni tun a bakin ƙofa tana kuka tana dariya. "Ke 'yar Lunis, haka ake barin mutane da yunwa a Marsai ta Faransa?" Ban gama cire takalmi ba aka dire mini kwanon miya.

Kowa a gidan ya ɗauka yawon buɗe ido na zo. Ba su san da saƙon Baba ba. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Sabiha, ki duba mini ko akwai wuri a gefen Inna." Na ce to. Amma tun a jirgi na shirya amsata: babu wuri. Ni kaɗai ya haifa. In aka kawo shi nan, teku guda ne tsakanina da kabarinsa, a can kuwa bas ɗaya zan hau. Allah ya yafe mini, ƙaryar nan sai na yi ta.

Talata, 9 ga Oktoba

Rabah, ɗan Gwaggo, ya ɗauki hutu don ya zagaya da ni. Bakinsa ba ya rufuwa. Mun hau zuwa cocin da ke kan dutse, ya nuna mini tsakiyar ruwa ya ce, "Ga garinku can, 'yar Faransa. Ɗaga hannu ko Kawu zai hango ki." Na ɗaga don in biye masa. Da na sauke hannun sai na ji kamar sallama na yi.

Laraba, 10 ga Oktoba

Tsohon gari. Matakala kan matakala, ƙafafuna sun mutu. Wani dattijo a ƙofar shagonsa ya ƙura mini ido ya ce 'yar wa ce. Rabah ya ce jikar Tasadit ce, 'yar Lunis. Tsohon ya ce, "Wane Lunis ɗin?" Na ce ai ɗaya ne. Ya ci gaba da goge tirensa. Rabah ya ja ni wai mu je cin kifi kafin ya ƙare.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Baba ya kira. Ban ɗauka ba. Na tura masa hoton teku.

Juma'a, 12 ga Oktoba



Yau ranar ziyarar mata ce, na bi Gwaggo maƙabarta ina ɗauke da jarkar ruwa. Mata ko'ina, wasu na shara, wasu na hira a kan kaburburan mazajensu kamar a tsakar gida. Ga kabarin Kaka Tasadit, an shafe shi da farar ƙasa. A manne da shi akwai wani ɗan ƙarami, bai fi tsawon hannuna ba. Na sunkuya in zuba masa ruwa don ladan, sai idona ya faɗa kan dutsen da aka rubuta suna a jikinsa. Lunis. Da sunan kakana, da sunan gidanmu, babu abin da ya bambanta. Jarkar ta suɓuce mini.

Gwaggo ta ce, "Au, bai taɓa gaya miki ba?"

Wai kafin Baba an haifi wani Lunis, ƙyanda ta ɗauke shi yana fara tafiya. Da aka sake haihuwar namiji Kaka ta ce shi ne ya dawo. Aka ba shi sunan, aka sa masa rigunan, kamar yadda ake yi a lokacin. Duk Juma'a takan riƙo hannun Baba su zo nan, shi ke zuba ruwan. Gwaggo ta ce, "Da ya shiga makaranta, kalmar da ya fara karantawa da kansa ita ce wannan. Ya ce Inna, ga sunana. Ta ce zuba ruwanka ka yi shiru."

Ranar da Kaka za ta rasu Baba ya taso tun daga Marsai, yana tsaye a kanta ta ce a sa ta gefen Lunis. Tun jana'izar nan bai sake taka garin ba.

Na ce, "To babu wuri ke nan." Kunya nake ji, amma daɗi na ji a lokacin. Ashe ba ma sai na yi ƙarya ba.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Shi ya aiko ki, ko? Munafuka, da yawon buɗe idonki. Mu nan ɗan gida ba ya rasa wuri. Kabari in ya daɗe buɗe shi ake, a kawar da ƙashin gefe, a ƙara tsawo. Ko dutsen ba sai an sake ba."

Asabar, 13 ga Oktoba

Rabah ya kai ni babban lambu. Itatuwa ne dai. Ban ga komai ba.

Duk rayuwata sai an kira Baba sau biyu yake waiwayowa. Mama har ta rasu tana mita a kan haka, wai raini ne. Ina jin haushin tsohuwar da ban ma san ta sosai ba. Wace irin uwa ce wannan? Rabah ya ce, "Irin wadda ta binne ɗa." Yau ne na fara jin ya yi magana bai bi ta da dariya ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Na koma maƙabarta ni kaɗai. Na tsaya a kan ƙaramin na ce masa, kai ka samu uwarka, ka bar mini ubana. Da ƙarfi na faɗa, har wata mata ta waiwayo. Daga baya na durƙusa na cire masa ciyawa. Jariri ne fa.

Litinin, 15 ga Oktoba

Na ɗauki kiran Baba. Muryar ta ƙara sirancewa.

Ya ce, "Kin je?" Na ce na je. Ya ce, "Kin gan shi?" Ba Kaka ya tambaya ba. Na ce na gan shi.

 Sannan ya ce da yana yaro tsoronsa yake ji, yana ganin wata rana zai fito ya karɓi sunansa. "Yanzu tausayinsa nake, 'yata. Ko magana bai iya ba. Ni na ci shekarunsa, na auri matar da zai aura, na haife ki. Ai ya kamata in je in ba shi labari." Sai ya ce, "Akwai wuri?"

Amsar tana kan harshena, tun jirgi nake bitarta. Na ce ba na jin sa sosai, na kashe.

Laraba, 17 ga Oktoba

Jiya na sa Rabah ya raka ni wurin mai kula da maƙabarta. Tambaya kawai na je yi. Mutumin ya duba ya ce ƙasar tana da kyau, tsawon zai fita.

Da safe na kira. Na ce, "Akwai, Baba." Ya ce madalla. Daga nan sai tambayar abin da Wardiya ta dafa, ko har yanzu tana cika barkono, yana ta dariya yana tari. Rabon da in ji shi haka na manta. Ni kuwa na toshe bakina da gyale har ya gama.

Anjima jirgi. Gwaggo ta ce ɗakin nan nawa ne duk Juma'ar da na ga dama.  A mota Rabah ya ce na bar rigar sanyina da takalmin hawa tudu a cikin kabad, ko ya juya? Na ce ya ci gaba da tuƙinsa, mantuwa ce.